Darɓar kabeji da sunanta na Turanci: littafin aikin lambun gwaji a fadamar Jega

18 ga Oktoba

Aikin kashi biyu ne. Na farko lambun gwaji na kabeji a fadamar Jega, gefen gulbin Zamfara. Na biyu 'yar takarda shafi ɗaya da Hausa, wadda manomi zai riƙe ya je shagon magani ya nuna abin da ke ci masa kabeji, ba sai an yi ta kwatance da yatsa ba. Takardar ce ta jawo lambun, don ba ma son rubuta sunan ƙwaron da ba mu kama mun duba ba.

Manomi darɓa yake cewa, wani ma ƙwari kawai zai ce ya yi shiru. Kwalbar magani kuwa ba ta jin Hausa. Tsakanin bakin manomi da rubutun kwalba nan ne kuɗi ke zubewa: a sayi maganin tsutsa a fesa wa darɓa, ko a sayi na darɓa a ce bai kashe tsutsa ba.

An auna fangali 12, kowanne mita 2 a faɗi, mita 5 a tsawo. Tazarar dashe santimita 50 ta kowane gefe, wato shuka 40 a fangali, 480 gaba ɗaya. An raba su gida huɗu, uku-uku: waɗanda ba za a fesa wa komai ba, na ruwan sabulu, na 'ya'yan dogonyaro da sabulu, da na maganin kanti. Ba a jera su wuri ɗaya ba, ƙuri'a aka yi aka warwatsa su, don kada gida ɗaya ya kwashe gefen da iska ke bugowa.

Yau aka zuba iri, Gloria F1, a gadon reno mai mita 1 da mita 3. Layi-layi, tazarar santimita 10, zurfin santimita 1, aka rufe da busasshiyar ciyawa. Giram ɗaya na irin kabeji yana ɗauke da ƙwaya 250 zuwa 300, saboda haka giram 3 ya wadatar har da na cike gurbi.

29 ga Oktoba

Iri ya tsiro, an ɗage ciyawa tun a kwana na shida, an kafa 'yan sanduna an lulluɓe gadon da tsohon gidan sauro. A san iyakar amfaninsa: yana tare malam-buɗe-littafin dare mai zuba ƙwan tsutsa, yana tare fara, amma idonsa ya yi wa darɓa faɗi. In ta samu shiga ma ta fi sakewa a ciki, don masu cinta sun fi ta girma, suna waje. Shi ya sa ake ɗaga shi duk bayan kwana biyu a juya ganye a duba.

An fara da kalmar kanta. Turawa aphid suke cewa ga guda ɗaya, aphids ga masu yawa, kuma jam'in ne ake gani a jikin kwalba. Haruffan p da h in sun haɗu f suke bayarwa, saboda haka eifid ake furtawa, wasu su ce afid, duka biyun suna tafiya. A takarda za mu rubuta ta yadda take a kwalba, mu sa afid a gefenta don mai karantawa da ƙarfi. Kalmar ba sunan ƙwaro ɗaya ba ce. Sunan dangi ne mai jinsi fiye da dubu huɗu, ciki har da baƙar da ke kama wake da gyaɗa da wadda ke sa ganyen dawa danƙo. Ta wannan fuska darɓa ta yi daidai da ita sosai, don ita ma Bahaushe bai ware ta ga shuka ɗaya ba.

10 ga Nuwamba

An zagaya shagunan magani a Jega da Aliero ana karanta kwalabe, ba saye ba. Ƙasar albasa ce, kuma abin da ya cika kanta shi ne wanda mai albasa da mai shinkafa ke nema. Mai kabeji sai dai ya raɓa.

Abin da ya dace a shigar a takarda daga wannan zagaye ya fi yadda aka zata. Akwai kwalabe da ledoji masu rubutun Faransanci, irin waɗanda ke shigowa ta Kamba daga Nijar da Binin. A jikinsu pucerons ne darɓa. Wanda ya haddace aphids kaɗai zai riƙe maganin da yake nema a hannu ya mayar kan kanta. Kalmar za ta shiga takarda.

Sai kalmomin da ke ruɗarwa. Whitefly ba darɓa ba ce, farin ƙudan nan ne da ke tashi buu in an girgiza tumatir. Mealybug ma ba ita ba ce, ita ce mai kama da ɗigon auduga a jikin rogo da gwanda. Masu lambu a Ingila suna kiran koriyar darɓa greenfly, baƙar kuma blackfly, kuma wanda ya bincika a intanet zai ci karo da su. Ta biyun ba za ta shiga takardarmu ba ko kusa, domin a Najeriya in ma'aikacin lafiya ya ce blackfly, ƙudan da ke kawo makanta a garuruwan bakin gulbi yake nufi. Tsofaffin littattafan gona kuma suna rubuta plant lice, wato kwarkwatar tsiro, kuma akwai manoman da kwarkwatar ganye suke ce mata ba tare da sun taɓa ganin littafin ba.

Wani abu da aka lura: sunan da ke gaban kwalba da manyan haruffa ba shi ne abin dubawa ba. Kwalba uku masu suna daban-daban, sinadari ɗaya ne a ciki. Ƙananan haruffan da ke ƙarƙashin sunan su ne gaskiyar magana, sai lambar NAFDAC, sai ranar lalacewa.

21 ga Nuwamba

Dashe, da la'asar sakaliya, reno yana da kwana 34, ganye biyar zuwa shida. An yi wa gadon ruwa da safe don saiwa ta fito da ƙasarta. Kowace shuka an juya ta an leƙa tsakiyarta kafin ta shiga rami, duk wadda ƙoƙonta ya mutu ko aka ga saƙar tsutsa a ciki an jefar. Irin wannan ba ta yin kai, sai 'yan rassa barkatai.

An ajiye robobi biyu ruwan ɗorawa a kusurwar gabas da ta arewa, da ruwa rabi da ɗigon sabulu. Darɓa mai fiffike launin ɗorawa ke janta, in ta faɗa ba ta fita. Ba magani ba ne, ɗan leƙen asiri ne. Allon danƙo da ake sayarwa ba mu sa ba, ƙurar hunturu kwana biyu take rufe shi.

1 ga Disamba

An sa kamfa 15:15:15, murfin kwalbar lemo biyu ga kowace shuka, wajen giram 10, a gefe da tazarar yatsu huɗu, aka rufe. Yuriya murfi ɗaya za ta biyo baya nan da mako uku, ba ƙari. Kabejin da aka cika wa yuriya ganyensa laushi yake yi da ruwa-ruwa, kuma shi darɓa ta fi so.

An gwada famfon feshi da zallar ruwa. Mai lita 16 ne. An zuba lita 5, aka fesa fangali uku da tafiyar da za a riƙa yi, aka juye saura aka auna: lita 2 ta tafi. Ke nan haɗin lita 3 ya ishi kowane gida yanzu, sai ganye ya yi faɗi a ƙara. An cire bakin da ke fesawa a baje, na maganin ciyawa, aka sa mai fesawa a zagaye da laushi, wanda ke shiga ƙarƙashin ganye.

Wani maƙwabcin lambu ya kawo shuka biyu da ganyensu ya murɗe, wai darɓa. An duba ciki da bai, babu ko ɗaya, babu danƙo, babu saɓa. Jijiyar ganyen ce ta karkace, sabon toho ya fito siriri kamar igiya. Da aka bi diddigi, famfon da ya ara an fesa wa shinkafa maganin ciyawa 2,4-D da shi ba a wanke ba. A ƙasar shinkafa irin tamu wannan zai riƙa faruwa, kuma duk maganin ƙwarin duniya ba zai miƙe ganyen ba. Murɗewar darɓa daban take: gefen ganye ne ke naɗewa ciki kamar cokali, wurin ya yi ɗorawa-ɗorawa, in ka buɗe ka tarar da su cunkus. Wannan bambanci zai samu layi biyu a takarda.

7 ga Disamba

Masu fiffike sun fara faɗawa robar arewa tun 3 ga wata. Yau aka ga zugar farko a ganye.

Yadda ake dubawa: shuka 20 a kowane gida, ana tafiya a karkace ba a bin layi, a kowace shuka a juya ganye biyu na ƙasa, biyu na tsakiya, a buɗe ƙoƙon da yatsa. Da safe, kafin rana ta yi zafi.

Wani dattijo da ke da lambu a gefenmu ya murza ganyen a yatsa ya duba, ya ce, "Malam, wagga ba irin darɓad dawa ta ba. Wagga toka ag gare ta." Aka ce masa, "Baba, tokar ce muke so mu auna yawanta." Domin a nan ne sunan Turanci ya rabu gida uku.

A daftarin farko mun rubuta darɓar kabeji, muka sa cabbage aphid a gabanta, muna ganin an gama. Ashe ba a fara ba. A bakin masana ƙwari cabbage aphid ba ta nufin duk darɓar da aka samu a kan kabeji. Sunan jinsi ɗaya ne tak, Brevicoryne brassicae, wadda masanin halittu Linnaeus ya bayyana tun 1758. A Ingila sukan ƙara mata mealy a gaba, wato mai gari, Faransawa kuma su ce puceron cendré du chou, darɓar kabeji mai toka, kusan kalma da kalma da abin da dattijon ya faɗa. Tsawonta wajen milimita 2, jikinta kore mai duhu amma farin gari ya rufe shi ruf, har zugar takan yi kama da an watsa toka a ganye. 'Yan bututu biyun da kowace darɓa ke da su a baya, nata gajeru ne, baƙaƙe, masu ɗan tumbi. Ba ta cin komai sai dangin kabeji, kuma sanyi ta fi so.

Ta biyu ita ce Lipaphis, wadda za a gani a rubuce erysimi a wasu littattafai, pseudobrassicae a wasu. A Indiya mustard aphid ake kiranta, a Amurka turnip aphid, har akwai masu ce mata false cabbage aphid, ta jabu ke nan, saboda yawan ruɗa su da ake yi. Tana da toka amma shafe-shafe, ana hango koren jikinta, bututunta sun fi tsawo, farare-farare da baƙin baki. Ita ce ta fi jure zafi, kuma a ƙasashe masu zafi ita aka fi samu a kan kabeji.

Ta uku Myzus persicae, green peach aphid. Ba toka ko kaɗan, jikinta sumul, kore mai haske ko ja-ja, bututu dogaye. Ba ta cunkushewa kamar sauran, warwatse take zama a ƙarƙashin tsofaffin ganye. Tana cin barkono da tumatir da dankalin turawa da taba da ciyayi barkatai, kuma ta yi suna a duniya wajen gagarar magani.

Da madubi mai ƙara girma sau 10 aka duba zuga takwas. Shida sun yi kama da ta biyu, biyu ta uku ce ƙarara. Mai farin gari sosai ba a gan ta ba. An ɗebi manya marasa fiffike da burushin fenti mai laushi, aka zuba a 'yan kwalabe da sifirit mai ƙarfin kashi 70, aka rubuta rana da lambar fangali da fensir a takarda aka jefa ciki. Biro narkewa yake yi. Za a kai su ɗakin binciken ƙwari a duba da na'ura. Kafin nan an soke cabbage aphid daga kan takarda.

9 ga Disamba

Sabulu. An ɗauki sabulun salo, domin da ruwan toka ake yinsa, kuma irin wannan ya fi sauƙi ga ganye. Giram 10 a lita ɗaya, a narkar da ruwan ɗumi tukuna. An gwada a shuka biyar, aka gwada garin sabulun wanki da awo ɗaya a wasu biyar, aka jira kwana biyu. Na salo lafiya lau. Na garin wanki gefen ganye ya ƙone, kuma farin santsin nan na ganyen kabeji ya wanke, ganyen ya koma kore fatau. Wannan santsi shi ne rigarsa daga rana da cuta. Garin wanki ya fita daga lissafi.

Ruwan ma sai an gwada. A zuba haɗin a gora a girgiza: in ya yi kumfa ya tsaya, ruwan ya yi, in ya yi gudaji-gudaji kamar nonon da ya tsinke, gishirin ruwan ya cinye sabulun. Ruwan rijiyarmu ya ɗan tsinke, na gulbi da aka bari ya kwanta bai yi ba, shi za a riƙa ɗebowa.

Dogonyaro. Ƙwayar ciki ake so, ba ganye ba, ba ɓawo ba. A sami busassun 'ya'ya marasa fumfuna, a ɗan daka a turmi ɓawon ya fashe, a sheƙe, a tsince ƙwayar da ta yi baƙi ko kore a ciki a zubar. Giram 50 na ƙwaya ga lita ɗaya, wato giram 150 ga lita 3 ɗinmu, giram 800 ga mai cika famfo. A daka ta yi laushi, a ƙulle a ƙyalle, a jiƙa da magariba, ta kwana. Da safe a matse sosai, a sake tacewa da ƙyalle biyu. Tacewar nan in aka yi mata ha'inci bakin famfo zai toshe sau goma kafin a gama fangali ɗaya. Sai a ƙara sabulu giram 3 a lita don ya kama ganye, in ba haka ba ruwan dunƙulewa yake yi ya gangare kamar a bayan agwagwa. Haɗin ba ya ajiyuwa, ranar da aka tace ranar ake fesawa, kuma da yamma, domin rana na kashe ƙarfin sinadarin.

Turmin kuma a ware shi. Wanda aka daka dogonyaro a ciki, in ya koma ga fura, za a ji a gida.

16 ga Disamba

An yi feshin farko 11 ga wata. Ƙa'idar da muka sa wa kanmu kafin kabeji ya fara naɗe kai ita ce, in shuka 4 cikin 20 suna da zuga, a fesa. Gidan maganin kanti acetamiprid ya samu, da awon da ke jikin ledar, da sirinji da sikeli, ba da murfi ba. Shi da imidacloprid ganye ne ke shanye su, darɓa ta tsotsa ta mutu, shi ya sa suke kai wa ga wadda ta ɓuya a naɗin ganye. Duka biyun ba a fesa su inda zuma ke kiwo a fure.

Washegari gidan kanti ya yi tsit. Gidan sabulu, duk wadda ruwan ya jiƙa ta bushe ta yi baƙi, wadda ke cikin naɗi ko gezau. Sabulu ba ya barin komai a baya, da ya bushe aikinsa ya ƙare, don haka sandar famfo sai an juya bakinta sama an bi ƙarƙashin ganye. Gidan dogonyaro a rana ta farko kamar ba a yi komai ba, kuma a nan ne manoma da yawa ke yanke masa hukunci. Ba kisan take yake yi ba. Yana hana ci, yana hana 'ya'yan saɓa, yana rage haihuwa. Sai a kwana na huɗu aka ga zugar ta tsaya, ƙananan sun ragu.

Dalilin da ya sa ake komawa feshi duk kwana 5 zuwa 7 yana cikin yadda darɓa take haihuwa. A yanayi irin namu ba ta jiran namiji, ba ta yin ƙwai. Macen 'ya take haifa da ranta, mace, kuma 'yar tana fitowa da tata 'yar ta fara ƙulluwa a cikinta. Ta yi saɓa sau huɗu, cikin kwana 7 zuwa 10 ita ma ta fara. Farin ɓawon da ake gani warwatse a ganye saɓar ce, ba gawa ba, kada a ƙirga shi a matsayin aikin magani. In wuri ya cika ko ganye ya tsufa sai su fara haifar masu fiffike, iska ta kwashe su zuwa lambun gaba. Goma da suka tsira a naɗin ganye sun isa su mayar da hannun agogo baya cikin mako biyu.

24 ga Disamba

Gidan da ba a fesa wa komai ba ya fi kowanne abin kallo. Ganyen ƙasa ya yi danƙo, baƙin fumfuna kamar kunkunniya ya fara hawa kan danƙon, kiyashi na safa da marwa. Kiyashin zaƙin yake sha, kuma yana korar masu cin darɓar, makiyayi ne sosai.

Amma masu cin nata sun iso. Akwai ɗan buzuzun nan mai zagaye, ja ko ɗorawa da zanen baƙi, da 'ya'yansa masu kama da ƙaramin kada, waɗanda manoma ke murƙushewa suna zaton su ne ɓarayin. Akwai wata koriyar tsutsa marar ƙafa, mai tsinin kai, kwance a tsakiyar zuga tana ɗaga darɓa sama tana tsotsewa, 'yar wani ƙuda ne mai kama da zuma da ke tsayawa cak a iska. Sai darɓar da ta kumbura ta bushe ta koma launin ƙasa-ƙasa kamar ƙwayar riɗi. Wani ɗan mitsitsin zanzaro ne, Diaeretiella rapae, ya yi ƙwai a cikinta, in ɗansa ya girma ya huda ƙofa zagayayya a bayanta ya fita. Ganyen da ke da irin waɗannan ba a tsinke shi a ƙone. A gidan dogonyaro da na sabulu ma an gan su, a gidan kanti ƙalilan.

Lambun da ke kudu da mu an fesa masa lambda-cyhalothrin sau uku cikin kwana 12. Mai shi ya ce, "Malam, kullum ƙara murfi nikai, su ko ƙaruwa sukai." An duba: babu buzuzu, babu kumburarriya ko ɗaya, kuma mafi yawan darɓar sumul ce marar toka, ta ukun nan. Irin wannan magani sai ya taɓa ƙwaro yake kashewa. Masu cin darɓa a fili suke yawo, su ya fara kwashewa, ita kuwa tana ƙarƙashin ganye, ga ta da taurin kai tun asali. Kwalbarsa an rubuta aphids a jiki, ba ƙarya aka yi masa ba, sai dai kalmar ba ta faɗa masa wacce ba. An ba shi shawara ya daina ƙara awo, ya canza dangin magani gaba ɗaya, ba sunan kwalba kawai ba. Cypermethrin da deltamethrin 'yan ɗaki ɗaya ne da wanda yake fesawa.

2 ga Janairu

Ganyen tsakiya ya fara rungumar juna. Daga yau ƙa'ida ta canza: shuka 1 cikin 20 da darɓa a ƙoƙonta ta isa a fesa. Wadda kai ya naɗe da ita a ciki ba sabulun da zai same ta, tana nan tana haihuwa har ranar da mai saye zai ɓare ganye biyu a kasuwa ya ajiye. An ƙara haɗi zuwa lita 4 a kowane gida. An tsinke tsofaffin ganyen ƙasa da suka kwanta a ƙasa, waɗanda ba su da kumburarru, aka binne.

Tsutsa ta shigo, ƙarama koriya mai wutsil-wutsil, wadda in an taɓa ta take faɗowa ta rataye da zare, tana cin ganye ta bar fata kamar tagar gilashi. Ita ce ta malam-buɗe-littafin daren da Turawa ke kira diamondback moth. Acetamiprid bai dame ta ba, kuma a gidan kanti ta fi yawa. A gidan dogonyaro ta fi ƙaranci. Maganin Bt, wanda ake yi da wata ƙwayar bakteriya, yana kashe ta, amma ba ya taɓa darɓa, don sai an ci ganye yake aiki, ita kuwa darɓa tsotsa take yi da tsinin baki. Wannan ita ce jimlar da ta fi kowace muhimmanci a takarda, kuma an sa ta a sama: mai huda ganye daban, mai tsotsa daban.

An tuge shuka uku da ganyensu ya yi dabbare-dabbare, suka tsugune ba girma. Alamar cutar bairos ce irin wadda darɓa ke ɗauka a baki. Cikin daƙiƙoƙi take ɗauka ta kuma zuba, tun tana ɗanɗana ganye, kafin kowane magani ya kashe ta. Ba a fesa wa wannan komai, tugewa ake yi a fitar daga lambu.

13 ga Janairu

An gwada daftari na uku a kan manoma tara da masu shago biyu. Aka ba kowa takardar da ganye mai darɓa, ba a yi masa bayani ba.

Sunayen Latin ba wanda ya karanta, an mayar da su ƙasa da ƙananan haruffa don malaman gona. Kalmar afid da aka rubuta da Hausa ta sa mutum biyu suna nemanta a jikin kwalba harafi da harafi ba su samu ba, saboda haka yanzu aphids da pucerons suna cikin akwati da manyan haruffa yadda suke a kwalba, furucin yana ƙasa. Wani mai shago ya ce, "Ranka ya daɗe, ku sa mini sunan sinadarin, shi nika dubawa in na je sari." An sa, an kuma haɗa 'yan dangi ɗaya a layi ɗaya don a san wanda ba a bin wani da shi.

Sunayen Hausa da suka zauna a bakin mutane ba gardama su ne darɓa mai toka da darɓa sumul. Rabuwar mai toka gida biyu ba ta dami manomi ba, tun da abin da zai yi musu ɗaya ne. Wadda ya kamata ya gane ita ce sumul, don ita ce ke cin kuɗin magani. Kan takardar yanzu Darɓa a kan kabeji ne, da aphids on cabbage a ƙarƙashi. Cabbage aphid ta koma layin mai farin gari sosai, ita kaɗai.

Hoton da aka ɗauka da waya bai nuna bututun ba. An ɗora madubin a kan idon kyamara aka sake ɗauka da safe a inuwa, ya fito.

25 ga Janairu

Kwana 65 da dashe. Kai ya fara tauri a gidan kanti da na dogonyaro, na sabulu yana biye. A gidan da ba a fesa ba darɓar ta ragu da kanta tun tsakiyar wata, kumburarru sun cika ganye, amma taimakon ya zo a makare: shukokin sun riga sun tsugune, da yawa kansu bai wuce dunƙulen hannu ba.

An rufe maganin kanti tun 15 ga wata, an lissafa kwanakin jira da ke jikin ledar an ƙara mako guda a kai, tun da kabejin nan ɗanye ake yanka shi a kan shinkafa da wake da tsire. Daga nan zuwa yanka sabulu da dogonyaro kawai, shi ma dogonyaron za a tsayar da shi saura mako guda saboda ɗaci.

A fangali na 4 da na 9, a cikin sanyin makon jiya, an ga zuga biyu da farin garinsu ya fi na sauran kauri, bututun gajeru. An ɗebe su a kwalba daban, sun bi sahun na 7 ga Disamba. Ba za a kai takarda wurin bugu ba sai sakamakon kwalaben ya dawo, don shi zai nuna wacce za a sa hotonta a farko.

Yanka an sa shi 5 zuwa 10 ga Fabrairu, kafin zafi ya fara fasa kai. Za a auna kowane fangali daban, a tsaga kai biyar-biyar a ƙirga masu darɓa a ciki. Ana bukatar sikeli mai ɗaukar kilo 50, buhu 12 masu lamba, da wuƙa biyu. Ganye da kututturen da suka rage za a tuge a binne a ranar, ba za a bar su su yi toho ba.